Gyaran fuskar tushe kafin a shimfiɗa kiristal: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi mini a Yamai

Ina koyar da fizik a Yamai. Duk shekara idan lokacin rubuta memuwar ya ƙarato, ba a rasa ɗalibai biyu ko uku da suka tsinci kalmar efitaksi a wata takarda, su biyo ni da ita har inuwar bedi inda nake ajiye babur. A aji da Faransanci muke yi, kowa ya gyaɗa kai kamar ya gane. A waje kuwa, da Hausa, nan tambayoyin gaskiya suke fitowa. Ga waɗanda suka fi dawowa, da yadda nake amsa su.

Malam, mece ce shimfiɗar kiristal guda, kuma me ake nufi da tushe?

Ka taɓa lura da yadda ake tsayar da sahu a filin Idi? In sahun farko ya miƙe, na biyu ya dube shi ya daidaita, na uku ya dubi na biyu, haka har ƙarshen fili. In kuwa jama'a suka fara tsayawa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗan karkata nasa wajen, to duk inda rukuni biyu suka haɗu sai an ga giɓi da karkace.

Atom ma haka suke cikin abu mai tauri. Idan suka jeru sahu ɗaya tak daga wannan gefe zuwa wancan, shi ne kiristal guda. Idan suka jeru rukuni-rukuni, to abin yana da iyakoki a cikinsa, kuma a waɗannan iyakokin ne lantarki ke tuntuɓe, haske ke ɓacewa, zafi ke taruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shimfiɗar da muke magana siririya ce ƙwarai, daga ƴan nanomita zuwa ƴan mikromita (mikromita ɗaya nanomita dubu ce). Kaurin gashin kai ɗaya yakan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100, sai ka kwatanta. Abu mai wannan sirantaka ba ya tsayawa da kansa, dole a ɗora shi bisa wani faifai na kiristal, shi ne tushe. Tushen ba tallafi kaɗai yake yi ba, shi ne sahun farko. Atom ɗin da suka fara sauka suna duba jerin da ke fuskarsa su kwaikwaya. Wannan kwaikwayon ake kira efitaksi, kalmar Girkanci mai nufin jeri a bisa jeri, wadda Bafaranshe Louis Royer ya raɗa a 1928.

Abin da ya kamata ka riƙe: atom ɗin da ya sauka ba ya ganin cikin faifan. Layi ɗaya ko biyu na can sama kawai yake gani. Ka sayi faifai mafi tsada a duniya, in fuskarsa ta ɓaci, cikinsa bai amfane ka da komai ba.

A ina muke cin karo da wannan a rayuwarmu ta yau da kullum?

Ampul ɗin LED da ke haska shagon mai shayi, a cikinsa akwai shimfiɗar galiyom naitiraid da aka girka bisa faifan safir. Ɓangaren da ke ƙara wa salularka ƙarfin aika murya galibi na galiyom arsenaid ne, shi ma shimfiɗa-shimfiɗa aka gina shi. Faifan kama rana na taurarin ɗan Adam ana gina su bisa tushen jamaniyom. Su kuwa faifan sola irin na tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ko ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, na silikon ne, kuma irin waɗannan yawanci yanko su ake yi daga curin silikon, ba girka su ake yi bisa tushe ba. Amma wankin fuskarsu kafin a ɗora musu sauran shimfiɗu, ilimin ɗaya ne.

Ai faifan da ake sayowa a goge yake zuwa, yana sheƙi kamar madubi. Me ya rage a gyara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin mutane, kuma ni ma ta ci ni lokacin da nake sitaj a ƙasar waje. Na ɗauki faifai daga kwalinsa na saka a inji kai tsaye, don na ga ba ko ɗigo a kansa. Kwana biyu na aiki suka tafi a banza. Kyan ɗan maciji ne.

Ka bi tarihin faifan. Silikon ana jawo shi ne daga narkakken ruwansa a matsayin dogon curi, ta dabarar da Jan Czochralski ɗan Folan ya gano a 1916. Daga nan a yanka curin da zarton waya, a daddaje, a goge da gari mai kaushi, a bi da mai laushi, a ƙarshe a yi gugar da ke haɗa sinadari da gogayya, da ruwan da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin silika. Kowane mataki yana share tabon wanda ya gabace shi, amma yakan bar nasa. A ƙarƙashin sheƙin da ido ke gani ana iya samun siririn layi da jerin atom ɗinsa ya dagule, musamman a kayan da suke da taurin kai wajen guga kamar safir da silikon kabaid.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, iska. Silikon in ya sha iska yakan yi wa kansa wata fata ta oksid mai kaurin nanomita 1 zuwa 2, wadda ba ta da jeri ko kaɗan, kamar gilashi take. Atom ɗin da ya sauka a kanta bai ga sahu ba, sai ya tsaya inda ya ga dama. Na uku, maiƙo: daga kwalin roba, daga numfashi, daga yatsa. Na huɗu, ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da tagulla da sodiyom, waɗanda ko ɗan mitsitsi ne sukan lalata halin lantarkin shimfiɗar. Na biyar, ƙura, wadda zan dawo kanta don ita ce tamu ta gida.

Iyayenmu mata da ke yin daɓe sun san wannan. Ba a zuba tsakuwa a hau duka da madaɓi sai an share, an baje, an yayyafa ruwa. Daɓen da aka yi bisa shara, damina ɗaya ta ishe shi ya ɓaɓɓake.

To yaya ake wankin?

Matakin farko kusan ɗaya ne ga kowane tushe: asiton a cikin bahon da ke girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji, minti biyar zuwa goma, sai barasar isofurofil, sai tsabtataccen ruwa, sai a busar da iskar naitirojin. Akwai kuskure ɗaya da ɗalibai ke yi a nan, kuma zafin Yamai yana tsananta shi: barin asiton ya bushe a kan faifan. Asiton ya narkar da maiƙo, in ya tashi sai ya bar maiƙon a shimfiɗe, ka yi wanka da kamar jirwaye. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin ka juya ya bushe. Ka ciro faifan daga asiton ka tsoma a barasa yana jiƙe.

Ga silikon akwai wankin da Werner Kern ya tsara a kamfanin RCA na Amurka a 1965, aka buga shi a 1970, har yau da sunan kamfanin ake kiransa. Kashi biyu ne. Na farko ruwan amoniya da haidirojin feroksaid da ruwa, ma'auni 1 da 1 da 5, a ɗumama zuwa digiri 75 ko 80, minti goma. Shi ke ɗebe maiƙo da ƙura. Na biyu asid ɗin haidirokulorik da feroksaid da ruwa, ma'auni 1 da 1 da 6, shi ke kwashe ƙarafa. A ƙarshe a tsoma faifan cikin asid ɗin haidirofulorik, wato HF, da aka tsarma da ruwa sosai. Shi ke cinye fatar oksid, ya bar kowane atom na silikon da ke sama riƙe da atom ɗin haidirojin, kamar an rufe tulu da faifai. Wannan murfin yakan hana iska kama fuskar na ɗan lokaci, daidai yadda za ka kai ta inji.

Feroksaid ba ya son zafi, yakan lalace a kwalba ya koma kusan ruwa. Wanda ya ajiye shi bisa kanta a labo ɗin da ba kilim, bayan ƴan watanni wankinsa amoniya ce zalla, ita kuwa amoniya ba tare da feroksaid ba cin silikon take yi ta bar shi da kaushi. A ajiye shi a wuri mai sanyi, kuma a haɗa ruwan wankin a ranar da za a yi aiki da shi.

An ce HF yana kisa. Gaskiya ne, ko tsoratarwa ce?

Gaskiya ne. Sharrinsa shi ne ba ya ƙuna nan take in an tsarma shi. Yakan ratsa fata shiru, ya je ya kama kalsiyom ɗin jini da na ƙashi, sai bayan sa'o'i ciwon ya taso, kuma in wurin da ya taɓa yana da faɗi zuciya na iya tsayawa. Ba a zuba shi a kwalbar gilashi don yana cin gilashi, sai roba. Ba a taɓa shi sai ƙarƙashin murfin da ke zuƙe tururi, da safar hannu mai kauri, da abin rufe fuska, da man kalsiyom gulukonet a kusa da hannu, da mutum na biyu a ɗakin. Idan ɗaya daga cikin waɗannan babu, ni ba na barin ɗalibi ya buɗe kwalbar, ko da memuwar ɗinsa za ta makara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bayan wanki kuma sai na ji ana cewa a gasa faifan. Gashin me?

A nan ne abin yake da daɗi. Wanki yana cire abin da ba na faifan ba, amma ba ya gyara jerin atom ɗin faifan kansa. Wuta ce ke yin wannan. In aka ɗumama tushe sosai, amma ba a kai ga narkewa ba, atom ɗin da ke sama sukan samu ƙarfin yawo, kowane ya nemi gurbin da ya fi masa daɗin zama. Tudu ya zube cikin kwari. Abin da ke fitowa a ƙarshe shi ne matakala: fili shimfiɗaɗɗe, sai gangare mai tsawon layin atom ɗaya, sai wani fili, sai wani gangare.

Safir ana gasa shi a iska ko a oksijin, daga digiri 1000 zuwa 1400, ya fito da matakala mai tsawon kusan nanomita 0.22 kowace. Silikon kabaid sai an kai shi wajen digiri 1500 ko fiye a cikin iskar haidirojin, wadda ke lashe layin da guga ta dagula. Galiyom arsenaid kuwa a cikin injin girkin ake ɗumama shi, wajen digiri 580 oksid ɗinsa ke tashi, amma dole ana feso masa arsenik a lokacin, in ba haka ba nasa arsenik ɗin ya gudu ya bar ɗigon galiyom a fuska. Silikon in aka yi masa ɗan gajeren zafi na wajen digiri 1200 a tukunyar da aka zuƙe wa iska, atom ɗin samansa sukan sake jeri su yi wani zane mai kyau da ake kira bakwai sau bakwai. Shi ne Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ɗauki hotonsa a 1983 da sabuwar na'urarsu, wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 1986.

Ba a ɗora wuta da garaje, ba a kuma sauke ta da garaje. Kwanon da za a ɗora faifan a kai ma sai ya zama mai tsabta, na alumina, wanda ba a taɓa gasa wani abu a cikinsa ba. Tanderun da aka toya ƙarfe a ciki jiya zai zuba wa faifanka ƙarfen yau.

Idan fuska ta yi sumul, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ƙare ba, in tushen yana da atom iri biyu ko uku. Ɗauki sitironshiyom taitanet, tushen da masu binciken oksid suka fi so. Ginin sa hawa-hawa ne: layin sitironshiyom oksid, layin taitaniyom oksid, haka suke musanya. In aka yanka shi aka goge, fuskar takan fito gauraye, nan wannan layin ne a sama, can wancan. Shimfiɗar da za ta sauka sai ta fara da ƙafar dama a wani wuri, da ta hagu a wani.

A 1994 Masashi Kawasaki da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa HF da aka sassauta da amoniyom fuloraid yana cinye layin sitironshiyom ya bar na taitaniyom. A 1998 Gertjan Koster da ƴan uwansa a jami'ar Tuwente ta Holan suka ƙara dabara: a fara jiƙa faifan a ruwa don sitironshiyom ɗin ya yi laushi, a ɗan tsoma shi a asid ɗin na daƙiƙu, a gasa a digiri 950 cikin oksijin. Sai a samu matakala mai tsawon nanomita 0.39 daidai, duk fuskar layi iri ɗaya. Daga baya wasu sun nuna ana iya kusantar wannan da ruwa da gashi kawai, ba tare da HF ba, kuma ga labo irin namu wannan labari ne mai daɗi.

Me wannan wahala ta haifa? A 2004 Akira Ohtomo da Harold Hwang suka ɗora lantanom aluminet bisa wannan tushe. Duka biyun ba sa wuce da lantarki, kamar roba suke. Amma a mahaɗarsu sai ga lantarki yana gudu. Kuma hakan na faruwa ne kawai in layin taitaniyom ne a sama. In na sitironshiyom ne, shiru. Bambancin layin atom ɗaya tak. Duk ɗalibin da ya ce mini gyaran tushe aikin yaran labo ne, wannan labarin nake ba shi.

Na ga ana sayar da faifan da aka yanka a karkace da gangan. Wa zai biya kuɗi ya sayi karkatacce?

Wanda ya san aikinsa. Ƴan Ader za su fi saurin gane wannan. Duk wanda ya je kwarin Keita ya ga yadda aka yanyanka gangaren duwatsu hawa-hawa, tun aikin raya yankin da aka fara a 1984, ya san amfanin matakala: ruwan sama ba ya gudu yadda ya ga dama, yakan je ya tsaya a gindin kowane hawa. Atom ma in ya sauka a fili yakan yi ta yawo, in ya tarar da gindin matakala sai ya lafe a nan, don a nan yake samun maƙwabta ta ƙasa da ta gefe. In matakalan suna kusa da juna, kowane atom yana isa gindi kafin ya haɗu da wani ɗan yawo su kafa tsibiri a tsakiyar fili. Sai shimfiɗar ta riƙa girma ta hanyar matsawar matakala gaba, duka tare, ba tudu ba rami.

Lissafin ba wuya: faɗin fili shi ne tsawon matakala a raba da tanjan ɗin kusurwar karkacen. Sitironshiyom taitanet da aka karkata da digiri 0.1 zai ba ka fili mai faɗin wajen nanomita 220. Ka ninka kusurwar, faɗin ya ragu da rabi.

Silikon kabaid ne babban misali. Yana da jeri iri-iri masu yawa, kuma in aka girka shi bisa miƙaƙƙen tushe sai nau'o'in su cakuɗe. A 1987 rukunin Hiroyuki Matsunami a jami'ar Kiyoto ya nuna cewa in an karkata tushen da ƴan digiri, gefen matakalar yana nuna wa sababbin atom irin jerin da za su bi. Yau faifan da ake yin na'urorin motocin lantarki da shi, digiri 4 ake karkata shi. Haka in za a ɗora galiyom arsenaid bisa silikon ko jamaniyom, akan karkata tushen da digiri 4 zuwa 6 don matakalan su zama masu hawa biyu-biyu. In masu hawa ɗaya ne, galiyom da arsenik sukan musanya gurbi a kowane gangare. Ko sababbin shimfiɗu masu kaurin ƴan atom sun bi wannan hanya: a 2021 masu bincike a jami'ar Nanjin ta Sin sun yi amfani da matakalan safir suka sa tsibiran molibdenom salfaid suka fuskanci waje ɗaya, suka haɗe ba tare da iyaka ba.

Idan tazarar atom ɗin tushe da ta shimfiɗa ba ɗaya ba ce fa?

Kamar ka ce manya su tsaya a sahun da aka zana wa yara. Sahu ɗaya ko biyu za su matsu su haƙura, daga nan sai wani ya fita layi. Tsakanin galiyom arsenaid da aluminiyom arsenaid bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin dubu da ɗan abu ba, shi ya sa suke zaman lafiya. Tsakanin jamaniyom da silikon kashi 4.2 cikin ɗari ne. Bayan layi uku kawai jamaniyom ya fara dunƙulewa tsibiri-tsibiri. Matthews da Blakeslee sun fitar da lissafin kaurin da shimfiɗa za ta iya jurewa kafin sahunta ya fara tsinkewa a 1974.

Galiyom naitiraid da safir kuwa, bambancinsu ya kai wajen kashi 16 cikin ɗari. Shekaru ana samun abu mai tsattsagewa, har da yawa suka watsar da shi. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a jami'ar Nagoya suka buga mafita a 1986: a fara ɗora siririn layin aluminiyom naitiraid a zafi mai sauƙi, sannan a ɗaga wuta zuwa wajen digiri 1000 a ɗora ainihin shimfiɗar. Layin farkon shi ne ɗan tsakani, kamar dattijon da ke shiga tsakanin manomi da makiyayi. Shuji Nakamura ya yi irin wannan da galiyom naitiraid ɗin kansa a 1991, ya fitar da LED mai shuɗin haske a 1993. Su ukun suka karɓi Nobel ta fizik a 2014. Wani lokaci ke nan gyaran fuskar tushe yana nufin ka yi masa sabuwar fuska gaba ɗaya.

Ta yaya zan san fuskar ta gyaru, tunda ido ba ya gani?

Gwaji mafi araha shi ne ɗigon ruwa. Silikon mai oksid mai tsabta, ruwa yakan baje a kansa. Wanda ya fito daga HF, ruwa yakan dunƙule ya gangare ya bar shi a bushe. In ka ga ruwan ya maƙale a wasu wurare, wankin bai gama ba. Sai madubin ƙara girma na labo, a haska faifan ta gefe a ɗaki mai duhu: kowace ƙura za ta yi ƙyalli kamar tauraro.

Matakala kuwa sai na'urar AFM, wadda ke lalube fuska da tsinin allura, ƙirar Binnig da Quate da Gerber ta 1986. A cikin injin girki ana harba elektiron su shafi fuskar a kwance, a duba zanen da suka yi a allo. Dogayen layuka na nufin fuska a shimfiɗe take, ɗigo-ɗigo na nufin tudu. Bayan an gama girki, hasken eks ne alƙali: a ɗan jijjiga faifan a auna faɗin tsinin da ya fito a zanen sakamakon, iya sirantakarsa iya kyan jerin.

In na wanke yau, zan iya girki gobe?

Ya danganta. Safir da sitironshiyom taitanet da aka gasa suna jure kwanaki a akwati mai tsabta. Silikon da ya fito daga HF kuwa, kai shi inji nan take. Ko a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska lokaci yana tafiya: a matsin da ya kai kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa, daƙiƙa ɗaya ta isa ragowar iskar ta rufe fuska da layi guda. Shi ya sa injin girki na MBE, mai feso atom bisa tushe, wanda John Arthur da Alfred Cho suka haɓaka a ɗakunan binciken Bell a ƙarshen shekarun 1960, yake zuƙe iska fiye da haka sau dubu goma, don a samu ƴan sa'o'i na aiki.

Da ƙurar hunturu irin ta Yamai, wannan aiki zai yiwu a nan kuwa?

Ba zan ɓoye maka ba, ƙura ce babbar abokiyar gabarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu kana share tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Ga bushewar iska, wadda ke sa roba da gilashi su tara lantarkin gogayya su riƙa janyo ƙurar da kansu. A ma'aunin ISO, hukumar ma'aunai ta duniya, iskar ɗaki ta yau da kullum tana iya ɗaukar ƙwayoyi miliyan 35 masu girman rabin mikromita ko fiye a kowace mita kubik, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Ɗaki mai aji 5, inda ake irin wannan aiki, ba a yarda su wuce 3,520 ba. Ƙwayar ƙura ɗaya mai rabin mikromita bisa shimfiɗa mai nanomita 20, kamar a ɗora ɗan dutse ne bisa tabarma.

Amma ba sai an gina katafaren ɗaki ba. Teburi ɗaya mai murfi da ke hura iska ta matatar HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu mikromita 0.3, ya isa wanki da busarwa. A toshe tagogi, a yi ƙofa biyu, a cire takalmi a waje, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a riƙa canja matatar gaba akai-akai lokacin hazo. Faifai kada ya tsallaka tsakar gida sai cikin rufaffen akwati.

Ruwa shi ne na biyu. Ruwan famfo da na kogin Isa ba sa shiga wannan magana, ko ruwan da aka tace ta tururi ma bai kai ba. Ana son wanda juriyarsa ga lantarki ta kai megaom-santimita 18.2, kuma a yi aiki da shi yana fitowa daga injin tacewa, don in ya zauna a buɗe yakan sha iskar kabon ya sauko. Na uku kuran. Na taɓa barin faifai biyu a tanderu, wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, gurup bai tashi da wuri ba. Da muka aika aka duba, matakalan sun fara fitowa sun tsaya a hanya, a murɗe kamar sawun maciji. Tun daga ranar ba na kunna tanderu sai na je na duba man gurup da idona.

Malam, mu da ba mu da waɗancan manyan injuna, da me za mu fara?

Da abin da aka fara da shi tun asali. A 1836 Bajamushe Moritz Frankenheim ya lura cewa sodiyom naitiret yana girma bisa dutsen kalsit a jere, gefensa daidai da gefen dutsen, saboda ginin cikinsu iri ɗaya ne. Wannan gwajin ba ya buƙatar komai sai kalsit mai haske, da gishirin sodiyom naitiret, da reza, da madubin ƙara girma. Farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza don siminti ita ma kalsit ce, sai dai ƙwayoyinta ƙanana ne. Nemi dunƙule mai haske wanda ke tsagewa sumul. Ka tsaga shi gida uku. Ɗaya ka ɗiga masa ruwan sodiyom naitiret ɗin nan take. Na biyu ka shafa shi da yatsa tukuna. Na uku ka bar shi a bakin taga kwana ɗaya a cikin Janairu. Ka bari ruwan ya bushe a hankali, ka ƙirga ƙananan kiristal nawa ne suka fuskanci waje ɗaya a kowane. Lambobin da za ka samu naka ne, kuma sun isa babi guda na memuwar.

Daga nan sai maika, dutsen nan mai ɓarewa ganye-ganye, wanda salatif kaɗai ke fito masa da sabuwar fuska sumul. Sai gashin safir da wankin sitironshiyom taitanet da ruwa, waɗanda tanderu mai kai digiri 1100 da teburi mai tace iska sun ishe su. A aika faifan ga labo ɗin da ke da AFM a duba, a dawo a gyara zafi ko lokaci. Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a nan garin ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana daga 1969 zuwa 1985, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da rana da kayan da hannu ke iya kaiwa. Ɗalibin da ya tafi karatu waje ya riga ya iya riƙe faifai da hantsaki ba tare da ya karce shi ba, ya san dalilin da ba a barin asiton ya bushe, ya saba rubuta zafi da lokaci da ranar da aka buɗe kowace kwalba a littafin labo, a makon farko za a ba shi makullin inji.

Mai son gwada na kalsit ya same ni ranar Laraba bayan la'asar, ya zo da rezarsa sabuwa.